Tukunyar Jirgin Kalaba

Ni ne Sallau mai walda. Shekara arba'in ina ƙona ƙarfe a Fagge, kuma har gobe in mutum ya ce aikina yana yoyo sai mun ɓata. Wannan halin shi ya kai ni ya baro. Zan faɗi yadda aka yi, don na gaji da jin masu shayi suna cewa wai wani Ibo ya zo ƙona masana'antar Alhaji Ganiyu aka cafke shi. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma masu yaɗa ta ko ƙofar wurin ba su taɓa gani ba.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ce, saba'in da tara, gari ya cika da tutoci da lasifika. Alhaji Ganiyu Bayerabe ne haifaffen Fagge, Hausarsa ta fi tawa gishiri, shagunansa uku a Singa. Ya fito takarar majalisar jiha, sai ya ga ya kamata ya nuna wa jama'a abin da ido zai gani. Ya ce ya daina sayo sabulu daga Ikko, zai dafa nasa a nan, ya ɗauki mata aiki. To sabulu mai yawa sai da tururi ake dafa shi. Sai ya je inda ake yanka tsofaffin jiragen ruwa a Ikko, ya sayo tukunyar tururin wani jirgi sukutum. Ta kai girman shago. Jirgin ƙasa ya kawo ta, aka ɗora ta a babbar mota aka biyo titin Ibrahim Taiwo da ita, mutane na ta leƙe.

Ni aka ba aikin haɗa bututu, don haka ina filin lokacin da motar ta shigo. A bayanta wani dattijo ne ke tafe a ƙasa, siriri, yana haki, hannunsa duk baƙin mai. Na san shi sama-sama: Celestine, mai gyaran risho a kasuwar Sabon Gari. Bai gai da kowa ba. Ya je ya shafa ƙofar murhun tukunyar, ya sa ɗan yatsa cikin wani ɗan rami da ke jikin ƙarfen, ya daɗe a tsaye.

Na ce, "Oga, ka san ta ne?"

Ya ce, "Shekara ashirin da tara ina ba ta abinci."

Alhaji ba wawa ba ne, nan take ya ɗauke shi mai hura wuta. Ya kuma ɗauki 'yarsa Uchechi cikin matan da za su riƙa yanka sabulu. Wata guda muka yi ni da Celestine muna aiki tare, kuma a wannan watan na ji tarihin jirgin, a gutsure a gutsure, galibi in mun zauna cin abincin rana.

Turawa suka ƙera jirgin a ƙasarsu tun kafin yaƙin Bama, suka sa masa sunan 'yar wani manajansu. Fasinja yake ɗauka a gefen teku, daga Ikko zuwa Fatakwal zuwa Kalaba, ya juyo. Turawa a sama da kujeru, baƙar fata a ƙasa tare da awaki da busasshen kifi da huhunan goron mutanenmu. Celestine ya shiga yana saurayi. Ya nuna mini tabo a ƙeyarsa, ya ce injiniyan Bature ne ya buga masa sifana don ya bar wuta ta yi sanyi.

Da Turawa suka ga jirgin ya tsufa suka sayar wa wani ɗan Labanan. Wannan ya goge suna ya sa na uwarsa, ya ninka lodi. Wata damina a bakin kogi igiyar ruwa ta share mata goma sha ɗaya daga saman jirgi, da kwandunansu. Ba a tsaya ba, don in an tsaya sauran ma sun tafi. Bayan shi sai wani mai motocin haya na Anacha, Onyekachi, ya saye shi, ya shafe shi da koren fenti, ya sa masa Chinenye, ya kafa benci da rumfa don talaka ya zauna kamar mutum. Celestine ya ce a shekara ukun da Onyekachi ya riƙe shi ne kaɗai ya ci abinci ya ƙoshi a jirgin.

Sai yaƙi. Sojan Biyafara suka ƙwace shi, daga baya na tarayya suka ƙwace daga hannunsu. Ma'aikatan ƙasan jirgi su ne dai ba su canza ba, bindigar da ke bayansu ce ta canza. Sun ɗauki sojoji, sun ɗauki masu rauni, sun ɗauki gawa har aka rasa wurin taka ƙafa.

Na tambaye shi ramin da ke ƙofar murhu. Ya ajiye cokali.

A saman tukunyar akwai wani bawul na tagulla, tsawonsa kamar kamu ɗaya. In tururi ya yi yawa a ciki, shi ke buɗewa da kansa ya fitar da ragowar. Wata rana ana yi musu ruwan harsashi daga gaɓa, wani hafsa ya sauko ya ce a ɗaure bawul ɗin da waya don jirgi ya ƙara gudu. Abokin aikinsa Ifeanyi ya ce ba zai ɗaure ba, akwai mutum ɗari biyu a sama. Hafsan bai maimaita ba. Ya harbe shi a wuya, harsashin ya fita ya bugi ƙofar murhu.

"Kai fa?" na ce.

"Na ɗaure. Ina tsaye cikin jininsa ina ƙirga numfashina. Hafsan yana hawa sama na kwance wayar."

Bayan yaƙi wani mutumin Fatakwal ya ce mai jirgi ya gudu, don haka jirgi ya zama nasa. Onyekachi ya dawo da takardunsa aka kore shi da adduna. Sabon mai shi bai san jirgi ba, ya bar shi a ɗaure har ruwa ya cinye gindinsa, sannan ya sayar wa masu yanka. Celestine kuwa ya tattaro 'yarsa ya taho Kano wurin dangin matarsa. Ya ce mini duk wanda ya mallaki jirgin nan abu biyu yake fara yi, ya goge suna, sannan ya tambayi me ya sa tukunya take huci.

Alhaji Ganiyu ma bai tsira ba. Ranar gwaji, da wuta ta kama sosai, bawul ɗin ya buɗe da wata ƙara da ta sa awakin unguwa suka tsinke igiya. Farin tururi ya miƙe sama. Alhaji ya toshe kunne, ya ce, "Wannan fa? Kwal ɗin da na sayo tun daga Inugu ne ke tafiya sama?"

Celestine ya ce, "Alhaji, numfashinta ne. In an hana ta, fashewa za ta yi, kuma ba wanda zai tsinci ƙashin wani a filin nan."

Na dai ga Alhaji bai gamsu ba.

Saura kwana goma zaɓe aka kori Celestine. Shugaban 'yan bangar Alhaji, wani ƙato da ake kira Barandami, shi ya kawo tsegumi cewa ya ga hoton abokin hamayya a rumfar Celestine. Gaskiya ne akwai hoton, ya liƙa shi ne ya tare inda ruwan sama ke shigowa. Amma lokacin siyasa wa ke sauraron irin wannan? Aka ce ɗan leƙen asiri ne, da gangan yake zubar da tururi don a yi wa Alhaji dariya. Uchechi ita aka bar ta, don matan Alhaji suna son ta. Aka kawo Habeeb mai gasa burodi aka ce shi zai hura wuta, tunda ai wuta wuta ce.

Washegari Alhaji ya kira ni, ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Malam Sallau, an ce a Kano babu yoyon da ya gagare ka."

Mutumin nan ya san inda ake kama ni. Mu a sana'armu duk abin da ke fitar da ruwa ko iska ta inda ba a so, faci ake yi masa. Tanki, bokiti, lagireto, salansa, haka na tashi na ga ana yi. Za ku ce ai na ji labarin Ifeanyi. Na ji, da kunnuwan nan biyu. Amma na ɗauke shi zancen teku. A raina na ce can jirgi yana tangaɗi ruwa na jijjiga tukunya, nan kuwa ga ta zaune daram a kan siminti, me zai taɓa ta? Ban taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin Tiga ba, amma na yanke wa teku hukunci. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na kwance bawul ɗin, na yanko farantin ƙarfe daga shasin tsohuwar mota, na rufe bakin, na zagaye shi da walda sau uku. Wallahi aikin ya yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Alhaji ya ce in riƙe tagullar, kyauta.

Ranar Asabar aka sa bikin buɗewa. Da hantsi na sa bawul ɗin a buhu na nufi kasuwar Sabon Gari in kai wa masu sayen tagulla, sai na ce bari in biya in gai da Celestine, don raina bai so korar da aka yi masa ba. Na same shi yana sa wa risho lagwani. Muka gaisa. Ya ce me na ɗauko mai nauyi haka, ni kuma da wautata na buɗe buhun.

Ban ga tahowar hannunsa ba. Mari ya zabga mini, dattijon da bai kai rabina ba, a gaban mutane. Na ɗaga hannu zan rama, sai na ga fuskarsa, hannun ya sauka da kansa.

"Me ka sa a wurin?"

"Faranti. Na walde."

"Yaushe za su hura?"

"Tun asuba suka hura."

Ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya ce, "Uchechi tana can." Bai rufe rumfa ba, ya zura da gudu, ni ina biye. An yi ruwa da sassafe, hanya duk taɓo. Sau biyu yana faɗuwa kafin mu tsallaka titi mu shiga Fagge. Muna gudu yana gaya mini abu ɗaya: a janye wutar daga murhu duka, a bar ta ta huce da kanta, ba wata dabara.

Tun daga nesa muke jin kiɗa. An kafa rumfa, mata sun yi anko, mutum ya fi ɗari a filin, matan sabulu kuma an jera su dab da tukunya da fararen riguna don baƙi su gani. A bakin ƙofa Barandami ne da mutanensa, kowa da gora.

Celestine ya ce, "Ku bar ni in shiga, tukunyar nan za ta fashe."

Barandami ya yi dariya. "Kun ji ko? Ya ma faɗa da bakinsa abin da aka aiko shi." Ya kai masa gora a haƙarƙari. Tsohon ya durƙusa, wani ya sa ƙafa ya danna shi cikin taɓo. Yana ƙasa ya ɗago ya ce mini, "Malam Sallau, je ka gaya wa Alhaji. Kai zai ji."

Ni an san ni mutumin gida ne, aka ba ni hanya. Na bi ta gefen tukunyar. Habeeb ya tuɓe riga yana ta zuba kwal, ya gan ni ya washe baki ya nuna mini agogon auna tururi da ke jikinta. Allurar ta wuce jan layi ta kwanta a ƙarshe. Ya ce, "Ka ga aiki, agogo ya cika." Ƙusoshin jikinta suna gumi, ruwa na tsattsafowa ta gefensu, ƙarfen kuma yana wani gunji ƙasa-ƙasa da nake ji a tafin ƙafata. Uchechi tana tsaye taku biyar daga wurin, tana gyara ɗankwali.

Na isa rumfa. Alhaji yana zaune tsakanin manyan baƙi, ga dillalan Singa, ga masu motocin da nake yi wa aiki, duk sun san ni. Na sunkuya na ce, "Alhaji, akwai magana kan tukunya."

Bai rage murya ba. Ya ce, "Me ya faru, Malam Sallau? Aikin naka ne ya lalace?"

Duk suka juyo suna kallona. Kalma huɗu ce ta rage mini: ni na yi kuskure. Ina jin gunjin nan a ƙafata, ina jin sautin gora a bakin ƙofa. Na buɗe baki na ce, "A'a, Alhaji, aikina lafiya lau yake." Ya ce to madalla, in nemi kujera. Kuma na tsaya a nan kamar gunki. Ko yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Ban san yadda Celestine ya kuɓuce musu ba. Sai ganinsa na yi ya ratso ta cikin mata, fuska jina-jina, ido ɗaya a rufe. Ya ture Habeeb, ya fizgi doguwar ƙugiyar ƙarfen da ake gyara wuta da ita, ya buɗe murhu, ya fara janyo garwashi waje. Jan kwal ya zubo a kan siminti yana tartsatsi, ga durorin manja a gefe. Wata mata ta ƙwalla ihu cewa zai ƙona wurin, shi ke nan fili ya yamutse.

Su shida suka rufar masa. Gora ta sauka a bayansa, bai juyo ba, ya sake zura ƙugiya ya janyo. Wani ya doke shi a gwiwa ya faɗi kan garwashin, na ji ƙaurin fata, ya miƙe da gwiwa ɗaya ya ci gaba da ja. Uchechi ta faɗa kansa tana kare shi, aka finciko ta da gashi aka yar, kanta ya bugi duro. Shi ko kallonta bai yi ba, idonsa na cikin murhu. Sai Barandami ya zo da abin da aka sa masa suna da shi, ya juya ƙotar ya sauke masa a dantse. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ƙugiya ta faɗi. Na biyun a ka ya same shi.

A lokacin ne ƙafafuna suka tuna aikinsu, bayan an gama ɓarna. Na ruga na ɗauki ƙugiyar na ci gaba daga inda ya tsaya. Saura kaɗan ne ma, ya riga ya fitar da mafi yawa. Ina ja ina ihu cewa gaskiya ya faɗa, ni na toshe ta, amma a cikin wannan hargitsi wa zai ji? Wani ya buga mini gora a baki, haƙora biyun nan da ba ku gani a can na bar su. Na tofar da jini na janyo na ƙarshe. Murhu ya zama baƙi.

Tukunyar ba ta fashe ba. Gunjin ya yi ta raguwa, allurar ta ɗago daga inda ta kwanta ta fara komawa baya a hankali. Baƙi sun watse, 'yan sanda suka zo suka ɗauki Celestine a bayan mota kamar buhu, aka rubuta cewa ya zo sa wuta. To tunda ba abin da ya fashe, wa zai yarda akwai abin da zai fashe? Na gaya wa Alhaji komai a yammacin nan, bakina a kumbure. Ya ce duka ne ya taɓa mini kai, in je in kwanta, ranar Litinin za a sake hurawa.

Lahadi bayan azahar na turo tulun gas ɗina a kura na shiga filin. Mai gadi ya ɗauka gyara zan yi. Na taɓa ta na ji ta yi sanyi, na kunna wutar yanka, na fitar da taga a cikinta mai faɗin faifai biyu, ruwa ya kwararo ya cika fili. Sannan na zauna na jira. Alhaji ya sa aka rufe ni kwana tara. Daga baya ya sayar da ita ga maƙera, suka yi ta yanka suna ƙera kaskon suya da bakin garma.

Ina tsare Celestine ya cika, kwana biyu bayan dukan, a asibiti, da ankwa a ƙafarsa. Ranar da aka sake ni ban je gida ba, na wuce Sabon Gari. Ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya. Uchechi tana zaune a tabarma da baƙaƙen kaya, an aske gefen kanta an yi ɗinki. Ta ba ni kujera ta kawo ruwa. Na yi mata gaisuwa, ta amsa.

Ta ce, "Baba Sallau, na ji abin da ka yi wa tukunyar. Na gode. Amma akwai abin da nake so in sani. Na gan ka lokacin da ka shigo, tun ana dukansa a ƙofa. Ka wuce ta gabana ka je wurin Alhaji ka sunkuya. Ka san gaskiya Babana yake faɗa a lokacin?"

Na ce, "Na sani."

"Ka gaya wa Alhaji bai yarda ba?"

Da na ce e, da ta yarda, don ba wanda ya ji abin da muka yi da Alhaji sai mutanen da ba za su taɓa zuwa ɗakin nan ba. Na dubi ɗinkin da ke kanta.

Na ce, "Ban gaya masa ba. Ya tambaye ni a gaban mutane ko aikina ne ya lalace, na ji kunya, na ce lafiya lau."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na ji sauƙi.

"Kunya," ta ce.

Ta miƙo hannu ta ɗauke kofin ruwan daga gabana, ban ko sha ba, ta tashi ta buɗe mini ƙofa.